Wata takwas da ajiye reza: yadda na samu abin farke ɗinki

Ni da reza na tashi. Antin da ta koya min keke a Gwammaja takan karya reza gida biyu, ta naɗe gefe ɗaya da salatif, ta ce wannan ta ishi duk telan da ya san hannunsa. Shi ya sa ɗan abin farke ɗinkin nan da ke zuwa cikin kayan keke, tare da sukuddireba da 'yar kwalbar mai, ko kallo bai ishe ni ba. Tarkace na ɗauke shi.

Shaddar mutane ce ta koya min hankali. Ana saura kwana 4 ƙaramar sallah, ɗinki ya yi min yawa, na je na ɗora hannun wata doguwar riga a juye. Dare ya yi, an ɗauke wuta, ina haskawa da fitilar waya. Na sa reza zan farke, sai ji na yi ta zarce, ta tsaga shaddar a kafaɗa kamar tsawon ɗan yatsa. Garin neman gira na rasa ido. Washegari na zaga Kantin Kwari da ƙyalle a hannu ban samu kalar da ta hau ba, dole na kai aka rufe wurin da aikin zare, kuɗin daga aljihuna. Da mai rigar ta zo na gaya mata gaskiya. Ta juya rigar, ta ce, “Ba komai 'yata, tsautsayi ne. Sai a kiyaye gaba.” Wallahi da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi.

Bayan sallah na sayi guda biyu a wurin masu kayan teloli. Ɗaya mai araha, ba suna a jikinsa, ɗaya kuma na kamfanin Clover na Japan, wanda kuɗinsa ya sa na tsaya jim kafin na miƙa.

Ga wanda bai taɓa lura da shi ba, bakinsa a rabe yake gida biyu. Ɗaya dogo mai tsini, ɗaya gajere da 'yar jar ƙwallo a kansa, kaifin kuma yana can cikin lanƙwasar da ke tsakaninsu. Na fi mako biyu ina ɗaukar jar ƙwallon nan ado ce. Ashe ita ce ke shiga cikin ɗinkin ta riƙa raba yadi da kaifi, idan za a tura shi a doguwar hanya kamar gefen wando ko siket. Ni da tsinin nake turawa, ina mamakin me ya sa yake tsire min atamfa.

Hanyar da ta fi kwanta min dai ba ta turawar ba ce. Keken ɗinki irin namu zare biyu yake sarƙawa, na sama da na ƙasa. Sai in juya yadin, in sa tsinin in tsinke ɗinki ɗaya, in tsallake uku ko huɗu, in sake tsinkewa, har ƙarshe. Idan na juyo ɗaya fuskar na ja zaren, sai ya taho gaba ɗaya salin alin. Ya fi reza cin lokaci, wannan ba musu, amma tun da na koma haka ban sake yanka kayan kowa ba. A shadda ma, da sawun allura ke zama raɗau, ramukan ba sa buɗewa kamar yadda suke yi idan an ja yadi da ƙarfi ana bi da reza. In ɗan shafa ruwa, in goga da farce, in ɗora dutsen guga, yawanci sai sun lafa.

Wurin buɗe kafar maɓalli ma ya yi min rana. Nakan soka fil a gicciye a ƙarshen kafar, ta yadda ko hannu ya kufce, a jikin fil ɗin zai tsaya.

To, bambancin guda biyun fa? Mai arahar nan a watan farko lafiya lau. Daga baya sai ya dakushe, yana jan zare maimakon ya yanka, ni kuma ina ƙara ƙarfi. A nan haɗarin yake, don dakusasshen abin farke ɗinki ya fi reza ɓarna: ana dannawa, zare ya saki ba zato, tsini ya wuce cikin yadi ko cikin babban yatsa. Nawa yatsan ya shaida. Ga mariƙinsa siriri kamar tsinken tsire, in aka daɗe ana aiki sai yatsu su ƙage. Araha ba ta ado. Na Clover kuwa har yau zare na taɓa kaifinsa yake rabuwa, tsininsa siriri ne yana shiga ƙarƙashin ƙananan ɗinki, mariƙin kuma ya cika hannu.

Amma kada a zaci maganin komai ne. A leshi mai raga-raga, da wuya ido ya bambance zaren ɗinki da zaren leshin, kuma tsinin ba ruwansa, duk wanda ya samu zai ɗauka. Nan sai da rana tsaka, a bakin taga, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Wajen cire zif ɗin wandon jins mai kaurin zare kuwa, har yanzu nakan koma wa 'yar rezata, kada in kashe masa kaifi a banza.

Kula da shi ba wani aiki ba ne. Ba na yanka komai da shi sai zare. Na taɓa kama yarinyar da ke koyo a wurina tana ɓalle ledar taliya da shi, ranar ta ji faɗa. Yadi mai sitati da gam ɗin da ake mannawa a wuyan riga sukan bar danƙo a lanƙwasar, sai in goge da ƙyalle. Da damina, da ƙarfe ke saurin tsatsa, nakan ɗiga masa man keke kaɗan, in share tas kafin ya taɓa farin yadi. Mai arahar na gwada wasa shi da soson ƙarfe da na naɗa a jikin fensir. Ya ɗan farfaɗo na kwana biyu, ya koma gidan jiya, yanzu da shi nake zaƙulo zaren da ya cushe a ƙarƙashin keke.

Murfin ne abin da ya fi ba ni wahala, kullum sai ya faɗa cikin tarin ƙyallaye, ga yara na rarrafe a ɗakin. Daga ƙarshe na samo tsohon gwangwanin alewa na ajiye a gefen keke, ina gamawa in rufe shi in jefa ciki. Kafin ɗinkin ƙaramar sallah ya taso zan ƙara sayen irin na Clover ɗin guda ɗaya, don yarinyar nan ta fara sa ido a kan nawa.