Sharhi kan ganin likita ta kiran bidiyo

Mahaifiyata tana fama da hawan jini, kuma tun lokacin kullen korona na 2020, da zuwa asibiti ya yi wuya a Kano, muka koma ganin likita ta kiran bidiyo a wata manhajar waya. Wajen bibiyar ciwon da aka riga aka sani, ba ni da ƙorafi. Muna auna jininta a gida da na'urar da ake ɗaurawa a dantse, mu karanta wa likita lambobin, idan suna wuce 140 bisa 90 a kai a kai sai ya gyara magani, Hajiya kuma ta huta da sammakon karɓar kati da zaman layi.

Iyakar abin ta bayyana ne da ƙafafunta suka kumbura. Tana shan maganin hawan jini mai suna amlodipine, wanda aka san yana kumbura idon sawu, amma irin wannan kumburi yana iya tasowa daga zuciya ko ƙoda, kuma da a asibiti ne likita zai danna ƙaurinta da yatsa, ya saurari ƙirjinta ya ji ko ruwa ya taru a huhu. A waya kuwa ni aka sa dannawa, ni kuma aka tambaya ko wurin ya lotsa. Da ya ce in ja fatar idonta domin ya duba ƙarancin jini, hasken ɗaki da raunin intanet suka hana shi ganin komai.

Ke nan hukuncinsa ya rataya ne a kan abin da na faɗa, ni da ban karanci likitanci ba. Akwai kuma kunya, wadda masu tallar manhajar ba sa ambatawa: dattijuwa ba za ta yi maganar fitsari a gaban ɗanta da ke riƙe da waya ba, don haka labarin da likita ya ji ragagge ne.

Na yaba masa da bai yi kirdado ba. Ya rubuta gwajin ƙoda, ya ce a kawo ta ya gan ta ido da ido kafin ya sauya magani, ko da yake hakan ya sa mun biya kuɗin gani sau biyu. Har yanzu muna amfani da manhajar wajen sabunta magani da karanta sakamakon gwaji, amma ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, ko zazzaɓin da sai an gwada jini, asibiti muke nufa kai tsaye.