Jim ɗin mata na saman bene: koci ta gari, masu gida marasa amana

Tun da na fara zuwa gidan motsa jikin nan mata ke tare ni a kasuwar Nima, nan Accra, da wajen suna, wasu har a waya: "Hajiya, yaya wurin yake, mu zo?" To ga amsa a dunƙule, kowa ta karanta. Suna dai ba zan kama ba. 'Yan Nima da Maamobi da New Town sun san benen da nake nufi, sun kuma san abin da ake biya a wata.

Alkawari ɗaya ya ja ni. Cewa masu wurin suka yi daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas na mata ne zalla, a saki labule, a kulle ƙofa, ko mai shara namiji ba ya leƙowa. Wadda ba ta zauna Zango ba ba za ta san darajar wannan magana ba. Likita zai ce miki ki riƙa tafiya, to a ina? Titin Nima 'yan kasuwa sun cinye gefe, 'yan okada sun cinye tsakiya, ga kwata tana jiran wanda ya kauce. Filin Kawukudi na samari 'yan ƙwallo ne. In kuwa kika ɗaura takalmin gudu da hijabi kika bi ta gaban Masallacin Ƙasa na Kanda, labari zai riga ki isa gida cewa matar Alhaji wane ta koma yarinya. Ni kuma ga awon jini ya haura 140 bisa 90 ya ƙi sauka, ga gwiwar da sai na dafa ƙasa da hannu biyu nake tashi daga sujada. Mahaifiyarmu a kan kujera ta yi sallar shekarunta na ƙarshe, kuma da ta je Makka a keken turawa aka yi mata sa'ayi, tafiyar Safa da Marwa da duk zagaye bakwai ɗin wajen kilomita 3 ne. Ba na so in kai nan tun da sauran ƙarfina. Sai na tura kuɗin wata uku ta Momo, wato ta waya, tunda sun ce akwai rangwame.

Wata Juma'a da daddare ƙanwar maigidana da ke aure a Aboabo, can Kumasi, ta turo mini bidiyo a WhatsApp. "Yaya, ba ke ce mai koriyar riga ba?" Ni ce kuwa. Tallar wurin ce a TikTok, an ɗora kiɗa mai kashe kunne, ga mu mata reras muna tsugunawa muna tashi. Ina layin gaba, ɗankwali ya zame ya koma ƙeya, furfura a waje, riga ta jiƙe da gumi ta manne a jiki. Bayana wata maƙwabciyata ce wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da niƙabi, ga fuskarta nan sarai. Daga sama aka ɗauka, daga kusurwar da ke bisa madubi. Wato kyamarar nan ce da na nuna da yatsa ranar da na yi rajista, yarinyar da ke tebur ta ce, "Mma, wannan ta ɓarayi ce, da dare kawai take aiki."

Daren nan barci bai ga idona ba. Alhaji bai ɗaga murya ba, da ma faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Kin ga abin da nake gudu."

Gari na wayewa na hau benen. Manajan yaro ne, bai kai ɗana na fari ba, yana ta murmushi. "Mma, kwantar da hankalinki, fuskarki ba ta fito sosai ba. Kuma dubi yadda mutane ke yabo, cewa suke iyayenmu mata sun burge." Har da juyo mini wayarsa in karanta abin da ake rubutawa a ƙasa. Shi a ganinsa alheri ya yi mini. Na ce, yaro, in fuskata ba ta fito ba, ta yaya aka gane ni daga Kumasi? Sai ya koma cewa ba shi da iko, sai ya tambayi mai gidan. Aka yi ta yawo da hankalina, gobe, jibi, bidiyon na nan yana ƙara yaɗuwa. Sai da ɗan yayata mai karatun lauya a jami'ar Legon ya kira su, ya ambata musu dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, ya ce akwai hukumar da ake kai wa irin wannan ƙara, sannan aka sauke shi cikin awa guda. Ashe da ma ana iya saukewa. Amma ihu ne bayan hari, domin tuni ya shiga wayoyin 'yan biki da 'yan adashe. Har yau mai gidan bai buɗe baki ya ce mana ku yi haƙuri ba. Maƙwabciyar tawa ba ta sake taka wurin ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ni ma na daina zuwa, na ce na bar su da kuɗin, su je su da Allah.

Kocinmu ce ta ɓata mini wannan shawara. 'Yar ƙabilar Ga ce, ba Musulma ba, Hausarta tsintacciyar Zango. Da rana tsaka ta same ni a shago, ta tsuguna ta gaishe ni, ta ce wallahi ita ma a waya ta gani. Ta nuna mini hoto: ta hau kujera ta ɗaure kyamarar da baƙar leda irin ta mai waakye (shinkafa da wake), ta zagaye da roba. Ta ce haka take yi kowace safiya kafin kowa ta cire mayafi, kuma ta faɗa wa manajan duk ranar da aka taɓa ledar ta bar aikin. Ba ta roƙe ni don jim ɗin ba. Cewa ta yi, "Hajiya, fushinki daidai ne, amma gwiwa ba ta san da shi ba. In ba za ki dawo ba, ki riƙa tashi da zama a kujerar nan ba tare da dafa komai ba duk sanda babu mai saye." Bayan tafiyarta na gwada, na ji gwiwar ta fara komawa gidan jiya. Na koma.

Gaskiya irin matar nan sai an tona. Ba ta ɗora mu a sikeli kowane mako, ba ta yi wa kowa gorin tumbi. Ita ta fahimtar da mu cewa abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga babban mutum minti 150 ne a mako, wato rabin awa kwana biyar, sai kwana biyu na ƙarfafa tsoka, don haka babu wadda take kuɓuta daga ɗaga ƙananan ƙarafan nan komai shekarunta. Ma'auninta na sauri kuwa: in kina iya magana amma ba kya iya rera waƙa, kina daidai. Mu da hira ba ta ƙare mana, wannan ya yi mana. Wadda aka ji tana jan baitin Ishiriniya a kan keke sai a ce ta ƙara wuta. Ba ta hana mu tuwon zafi ko waakye ba, gishiri da magi take yaƙa, ta ce duk na yini kada ya wuce giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, da sukarin da muke antayawa a koko. Da azumi ta cire tsalle-tsalle ta gajarta zaman, muna yi tun ruwan sahur yana jiki. In ba ta gan ki ba sai kira, ba faɗa: "Lafiya, Hajiya? Tabarmarki tana nan." Wannan kiran shi ke fitar da ni daga gado ranar da hunturu ya buso, ba tsoron hawan jini ba. Wata Asabar ma ta ɗauko mana trotro, motar haya, zuwa Ayi Mensah, muka bi ayarin masu hawan dutsen Aburi da ƙafa har Peduase, inda gidan da Nkrumah ya gina yake. Ni ce ta ƙarshe, ita kuma tana gefena har sama. Yanzu ina tashi daga sujada ba dafawa. Maganin hawan jini ina nan ina sha, ita da kanta take cewa kada wadda ta kuskura ta ajiye ba da izinin likita ba.

Na so in tsaya a kan yabo, amma rubutun nan ya sake tayar mini da ɓacin rai. Injin tafiya ɗaya tun kafin azumi yake ɗauke da takardar "ana gyara". In dumso ya zo, wato aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, janareta sai da yamma ake tayarwa, wato lokacin maza. Mu kuɗinmu ganye ne? Bayan gida babu ruwa, da ledar fiya wata muke shiga. Kwanan nan kuma suka rataya sabon allo a bakin titi suna tallar sirrin mata, su ɗin nan, ko kunya babu.

Mai son zuwa ta je don kocin. Ta biya wata-wata, kada rangwame ya ruɗe ta, kuma ta ɗaga kai ta duba kusurwar madubi kafin ta cire mayafi. In ba ta ga leda ba ta juya. Kocin ta ce tana neman filin wata makarantar Islamiyya a Maamobi ta buɗe nata ajin, kuma ranar da ta samu ni ce ta farko. Kwanakin da na rasa saboda bidiyonsu na ce a mayar mini ko a ƙara mini a gaba, manajan har yanzu cewa yake mai gidan ya yi tafiya.