Takomitar AC: mai bolt 45 ko mai bolt 90?

Ɗan'uwanmu da ke gyaran injin leda a Sharaɗa ya yi tambaya. Motonsa na juyi 1500 a minti, littafin dirayib (na'urar da ke sarrafa gudun moto) ya ce kada wutar da ke shiga ƙofar tako, wato inda ake haɗa takomita, ta wuce bolt 200, kuma an nuna masa takomita biyu (ƙaramin janareta da ke nuna wa dirayib gudun moto ta yawan wutar da yake bayarwa) a Sabon Gari, mai bolt 45 da mai bolt 90. Wacce zai ɗauka?

Malam, waɗannan lambobin bolt ne a kowane juyi 1000 a minti. A juyi 1500, ƙaramar za ta ba ka 67.5, babbar 135. A ido duka biyun ba su kai 200 ba, kuma a nan ake yin kuskuren. Abin da mita ke nunawa a AC ba shi ne ƙololuwar wutar ba. Sai ka ninka da 1.414. Ƙaramar ta kai kusan 95, babbar 191. Idan 200 ɗin littafin DC yake nufi, wato bayan wutar ta bi ta rektifaya (mai mai da AC zuwa DC) da kafasita (mai riƙe wutar a kusa da ƙololuwarta), saura bolt 9 kacal tsakaninka da iyaka. Moto kuwa yakan zarce gudunsa idan aka sauke masa kaya kwatsam. Da ya taɓa 1650, babbar ta kai 210. Abin da ke bin baya shi ne ƙonewar bod ɗin dirayib, ko dirayib ya daina ganin gudun gaskiya ya ci gaba da tura wuta.

Babbar ma tana da ranarta. A juyi 100 tana ba da bolt 9, ƙaramar 4.5 kawai, dayod biyu na rektifaya kuma su cinye kusan 1.4 daga ciki. Shi ya sa ƙaramar ke sa moto rawa a gudu ƙasa-ƙasa. Amma injin leda yawanci a sama yake wuni.

Ni dai mai 45 zan ɗauka, in saita dirayib a kan 67.5 idan AC yake karɓa, ko kusan 95 idan DC ne bayan rektifaya da kafasita. Mai 90 sai in littafin ya rubuta ƙarara cewa 200 ɗin AC ne.

Kafin ka biya kuɗi, duba yadda za a haɗa ta. Idan da bel da fuli ne, gudun sandar takomitar za ka lissafa, ba na moton ba. Sannan in injin yana komawa baya, ka bar su duka biyun: AC da ta bi ta rektifaya ba ta nuna gaba ko baya, takomitar DC ce ke juya fuskar wutarta. In kuwa hanya ɗaya yake bi, zaɓin AC ya yi min daidai, don ba ta da burushin da ƙurar hunturun Kano za ta cinye.