Duba jirgin da ka haɗa: idonka ko baƙon ido?

Ka haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunka, kana shirin doguwar tafiya daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua. Ko ka duba shi da kanka, ko ka kira injiniyan da bai taɓa ganinsa ba.

Kai ka san kowane noti, kuma ba ka biyan ko sisi. Amma ido yakan tsallake kuskuren da mai shi ya yi.

Baƙo zai ci kuɗi da lokaci. Sai dai zai ɗebo mai daga ƙasan tanki ya nemi ruwa a ciki, ya gwada wayoyin sarrafa fukafukai, ya kwance fulogogi, ya buɗe matatar iska, wadda ƙurar hunturun Katsina ke saurin toshewa. Ni kam shi zan kira, in tsaya a gefensa.