Hattara da masu tallar mayar da injekta kabureta: da rana tsaka aka sace injin yayana

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga masu tsofaffin motoci, musamman waɗanda ake kabu-kabu da su. Akwai wasu mutane da ke yaɗa talla a Facebook da zaurukan WhatsApp, wai suna cire injin injekta su saka maka na kabureta (hanyoyi biyu ne na ba inji mai), mota ta rage shan mai, ka huta da wahalar wayoyin lantarki da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Yayana ya faɗa hannun ɗaya daga cikinsu, kuma ni na raka shi garejin, don haka abin da idona ya gani zan faɗa.

Motar Yaya Carina E ce, mai injin 4A-FE, da ita yake ɗaukar fasinja yana ciyar da gida. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane direba ya koma lissafin lita, shi ma haka. Sai motar ta fara wahalar tashi da safe, tana shaƙewa in an taka totur, ga shan mai ya ƙaru. Ana cikin haka wani ya turo masa bidiyon mutumin: ga inji fes yana sheƙi, an tayar da shi bugu ɗaya, ga wasu a gefe suna ta sa albarka.

Da muka je, ko mabuɗi bai murɗa ba. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce: "Alhaji, birenbos ɗinka ya tafi. Ko ka sayi wani, wata uku ne ya sake ƙonewa, man ƙasar nan bai dace da injekta ba. Ka kawo ciko in ba ka injin kabureta ɗan Beljiyam, naka kuma in karɓa a matsayin kwandem, don dai ka rage asara."

Kalmar kwandem ɗin nan, wato injin da ya gama aiki, ita ce duk damfarar. Injin Yaya lafiyarsa ƙalau, ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai. Injin nan mutumin yake nema tun farko, kabureta kuwa tarko ce kawai. Na ce wa Yaya mu fara kai motar wurin mai gyaran wayar mota ya duba, ya ce ai ya riga ya ba da kafin alƙalami ta waya tun daren jiya. Na yi shiru, kuma wannan shirun har yau yana damuna.

Kwana huɗu motar ta yi a can. Aka ce mana kada mu wahalar da kanmu da zuwa, za a kira mu. Ranar da muka karɓa, injin yana walƙiya da fentin azurfa har kan kusoshi da ƙullin waya. Duk injin da aka fesa wa fenti haka, ka tambayi abin da ake ɓoyewa. Injin da ya fito daga kwantena da ƙurarsa yake zuwa, ba da kwalliya ba. Kafin sati biyu salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, fulogi na jiƙewa da baƙin mai, man da ke kai shi kwana biyu ya koma kwana ɗaya da rabi da kyar.

Muka kai ta wurin wani dattijon bakanike da mahaifinmu ya daɗe yana hulɗa da shi. Ya kankare fentin, ya nuna mana 4A-F, wato tsohon injin kabureta da ke zuwa a Carina II da Corolla na ƙarshen shekarun 1980. Dangi ɗaya ne da 4A-FE, shi ya sa ya zauna daram a mazaunin wancan ba tare da walda ba. Ya ce wannan ba daga waje ya zo ba, a nan ya ƙare rayuwarsa, ringinsa ya cinye, an dai zuba masa mai mai kauri don ya yi shiru na 'yan kwanaki. Sannan ya fara lissafa abin da babu: birenbos babu, nozul huɗu masu fesa mai da bututunsu babu, wayarin injin an yanke shi daga tushe, sensoci duk an kwashe. Ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa salansa, ya ce indomi ma an fasa an zazzage. Ga wanda bai sani ba, indomi shi ne abin nan mai kama da saƙar zuma da ke tace hayaƙi, kuma akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa irin su filatinum da faladiyum, shi ya sa ake farautarsa. Kowanne daga cikin waɗannan kaya kuɗi ne a kasuwar safaya, kuma Yaya ya bayar da su kyauta, har da ciko a kai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne famfon mai. Famfon injekta da ke cikin tanki yana turo mai da ƙarfin kusan bar 3 (bar ma'aunin ƙarfin turi ne), ita kuwa kabureta ko rabin bar ɗaya ba ta buƙata. Mutumin ya bar wancan famfon yana aiki, ya haɗa tiyo kai tsaye zuwa kabureta, ba abin rage ƙarfi, sai wata 'yar dabara da ya yi da waya ya ɗaure. Man yana fin ƙarfin kabureta, yana ambaliya, yana ɗiga a kan inji mai zafi. Dattijon ya ce: "Ɗana, ka gode wa Allah, da fasinja shida kake yawo a kan garwashi." Warin fetur da Yaya yake ji a cikin mota, wanda mutumin ya ce masa sabon aiki ne zai daina, ashe wannan ne.

Batun wai kabureta ta fi rage shan mai kuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Injekta tana auna iska da zafin inji, ta duba hayaƙin da ke fita, sannan ta fesa daidai man da ake buƙata. Kabureta iska ce ke zuƙo mata mai ta 'yan ramukan da aka saita sau ɗaya, ko sanyin hunturu ake ko zafin bazara. Ba don ado kamfanonin mota suka bar ta ba, dokokin hayaƙi na Turai a farkon shekarun 1990 ne suka kore ta daga sabbin motoci. Ban ce kabureta ba ta da amfani ba. Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna ta yi wa mutanenmu hidima da ita, kuma direban da ke shiga ƙauyuka inda ba mai waya yana da hujja in ya ce ya fi son abin da zai kwance da sukundireba a bakin hanya. Akwai bakanikan kirki da ke wannan canji bisa gaskiya. Amma su za su gaya maka tun farko cewa mai zai ƙaru, za su canja famfo, kuma za su zuba maka kayanka a buhu ka tafi da su.

Da dattijon ya ji yadda motar take yi tun asali, ya ce irin wannan ciwo yawanci bai wuce nozul da suka toshe da dattin man bumburutu, ko matatar mai, ko sensan zafin ruwa ba. Ya ƙara da cewa ɗabi'armu ta cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da haɗa fanka kai tsaye ita ma tana sa injekta ta ɗauka inji bai yi zafi ba, ta yi ta ƙara mai. A irin waɗannan tsofaffin Toyota ko kwamfuta ba sai an sa ba: akwai ɗan akwatin gwaji kusa da inji, a haɗa ramukansa biyu masu alamar TE1 da E1 da guntuwar waya, fitilar inji da ke dashbod ta riƙa ƙiftawa tana ba da lambar ciwon. Aikin minti biyar. Motocin da suka biyo baya kuma suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'ura. Duk wanda ya yanke wa birenbos ɗinka hukuncin kisa bai yi ɗaya daga cikin waɗannan ba, rufe bonet ɗinka ka tafi. Mai giyar otomatik kuma ya ƙara kiyayewa, domin da yawan irin waɗannan motoci daga birenbos suke samun labarin lokacin canja giya.

Sai kuma maganar takardu, wadda ba mu tuna da ita ba sai da aka tare Yaya a shingen bincike. Lambar injin da ke takardarsa daban, wadda ke jikin mota daban, kuma ba shi da rasit na sabon injin. Ba mu san daga motar wa aka ciro shi ba. Idan na sata ne, wanda aka kama da shi a hannu shi zai yi bayani. In har za ka canja inji, ka rubuta lambar naka ka ɗauki hotonta kafin a taɓa spana, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon, ka tsaya ko ka bar yaronka a wurin har a gama. Kada ka tura ko sisi kafin ka ga injin a ƙasa, an gwada ƙarfin kowace silinda a gabanka.

Mun koma garejin, aka ce mana ai ba ɗan wurin ba ne, hayar inuwa ya yi ta wata biyu ya tashi. Lambarsa a kashe. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da kuma shugabannin ƙungiyar bakanikai na yankin, sun ce ba shi da rajista da su. Makon jiya na sake ganin bidiyon nan, inji ɗaya, masu sa albarka ɗaya, amma an canja sunan shafi da lambar waya. Motar Yaya tana ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfal, yana tara kuɗin sayen irin injin da aka cire masa.