Gidan da na kama a Jamus, ko famfon kicin babu

Ranar da na karɓi makullin gidana na farko a birnin Kolon, na shiga kicin na tsaya cak. Bango ne kawai da tayil, bututun ruwa sun leƙo daga ƙasa, sai wata waya mai kauri da aka naɗe bakinta. Babu murhu, babu wurin wanke-wanke, babu kabad ko guda. Na ɗaga kai inda ƙwan lantarki ya kamata ya kasance, wayoyi ne ke reto. Alhali ranar da na zo duba gidan, kicin ɗin nan a cike yake tsaf. Na juya na tambayi matar da ta kawo makullin, a gaban ma'aikacinta, ina kayan suka tafi? Ta buɗe takardar haya ta ɗora yatsa a kan wani layi, ta ce wanda ya tashi ya tafi da abinsa. Kallon da suka yi min har yau yana min ciwo. Na sa hannu a kan abin da ban fahimta ba.

'Yan uwa, a nan gidajen haya da yawa haka ake ba da su. Mutum yana ƙaura da kicin ɗinsa kamar yadda yake ƙaura da gadonsa, ko ya sayar wa mai shigowa in sun daidaita. Ni kuwa lissafin da na yi wata da watanni ina yi a littafi, kujerun falo ne a sama, sai talabijin, labule da kafet. Kicin ko layi ɗaya bai samu ba.

Kafin nan ma kuɗin ajiya, wanda suke kira Kaution, ya riga ya cinye rabin abin da na tara. Doka ta ce kada ya wuce hayar wata 3, ban da kuɗin ɗumama gida da sauran caji, kuma mai haya yana da damar biya kashi 3. Ban sani ba, na zube shi gaba ɗaya. Na je na yi rajistar adireshi cikin mako 2 da doka ta ɗiba, ba a jima ba sai ga wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida, kana da talabijin ko ba ka da ita.

Mako shida na yi ina girki a kan ƙaramin rishon lantarki a ƙasa, ina wanke kwanuka a banɗaki. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Duk sanda na durƙusa da kwano a wurin sai na ji ƙwalla. Babban murhun ma ba kai za ka haɗa ba, sai ka kira mai aikin lantarki, ka jira ranar da ya ba ka, ka biya shi.

Abin da ya cece ni kayan hannu ne. Akwai manhajar Kleinanzeigen inda mutane ke sa kayan da suka gama da su, wasu da araha, wasu an rubuta "zu verschenken", wato kyauta. A nan na samu kabad ɗin kicin da teburi wurin wani dattijo. Ya miƙo min ambulan, ciki da rasiɗin asali da ragowar kusoshi, ya nuna min inda teburin ya ɗan kwarzane tun kafin na gani. Likita ma yana sayen gwanjo a nan, ba ya ɓoyewa. Mu kuwa sai mu ci bashi mu cika falo don baƙo ya shigo ya yaba, wurin kwana da wurin girki suna nan a wulaƙance. Da wannan halin na zo, shi ne ya rubuta min lissafin nan.

Injin wanki sabo na saya ta intanet, don a nan kana da kwana 14 ka mayar da abin da ka saya haka ba sai ka faɗi dalili ba, kuma shekara 2 mai sayarwa na da alhakin lahanin da kaya ya zo da shi. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai. Amma masu kawowa a bakin titi suka dire shi, don iyakar abin da na biya ke nan. Ina hawa na huɗu, babu lifta. Na tsaya kusa da kwalin, mutane suna wucewa suna gaishe ni da kai. A ranar na yi kewarku sosai, don na san da a gida ne, kafin na buɗe baki hannu goma sun kama. Sai dare wani abokin aikina ya zo muka hau da shi, muna hutawa a kowane bene.

Ranar Lahadi na ɗauko na'urar huda bango zan kafa kabad, maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ta ce yau ranar hutu ce, ba a hayaniya. Sai ranar Litinin da yamma na kafa shi. Falon har yanzu darduma ce kawai a ciki da kujerar katako ɗaya, labule kuma na sa shi a lissafin wata mai zuwa.