Yeni İstanbul, Yeni Hitit ko Yedi İklim: wanne ya dace da mai koyon Turkanci shi kaɗai?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ce yana shirin neman tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wato Türkiye Bursları, yana so ya fara koyon harshen tun daga gida kuma ba shi da malami. An turo masa littattafan nan uku, ya rasa wanda zai kama.

Ɗan'uwa, dukkansu na aji ne. An rubuta su ne don malami ya tsaya gaban ɗalibai 'yan ƙasashe daban-daban, shi ya sa kusan komai a ciki da Turkanci yake, har umarnin aikin da za ka yi. Wanda ya buɗe su bai san ko gaisuwa ba, kuma ba mai yi masa bayani, yakan gaji tun bai yi nisa ba. Duk da haka ba ɗaya suke ba.

Yeni Hitit na TÖMER ne, cibiyar koyar da Turkanci ta Jami'ar Ankara, wadda aka kafa a 1984, kuma shi ne tsohon hannu a cikinsu. Juzu'i uku ne kacal, na farkon ya haɗe matakin A1 da A2 wuri guda, wato matakai biyu na farko a ma'aunin iya harshe da ke tashi daga A1 ya ƙare a C2. Saboda haka gudu yake yi, darasi ɗaya sai ya jibge maka kalmomi da ƙa'idoji da yawa. Gaban malami yana da amfani ƙwarai. Kai kaɗai a ɗaki, ban ba ka shawararsa ba.

Yeni İstanbul, na cibiyar harsuna ta Jami'ar Istanbul, ya ware wa kowane mataki littafinsa da na atisaye. A hankali yake tafiya, yana jera ƙa'idar nahawu cikin jadawali, sannan ya sa ka maimaita ta har ta zauna. Wannan maimaicin ne mai koyon Turkanci ya fi buƙata, domin harshen ɗafe-ɗafe ne. Ev gida, evler gidaje, evlerim gidajena, evlerimde a cikin gidajena. Kuma ɗafin yana sauya wasali ya bi na kalmar: jam'in ev da -ler ake yi, na kitap, wato littafi, kuwa da -lar. Karanta ƙa'idar minti biyar ne, amma kafin baki ya saba sai an cika shafuka da rubutu. A cikin ukun shi na fi yarda da shi ga wanda ba shi da malami.

Yedi İklim na Cibiyar Yunus Emre ne, wadda gwamnatin Turkiyya ta kafa don yaɗa harshe da al'adunta a waje, tana ma da reshe a Abuja. Ya tashi daga A1 har C2. Ya fi sauran hira da al'ada: gaisuwa, ciniki, baƙunta, bukukuwa. Nahawunsa a taƙaice yake, kamar an bar wa malami ya cike giɓin. Abin da ya ɗaga shi shi ne cibiyar tana da shafin koyarwa na kyauta a intanet, kuma ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa ta TYS.

To amma da ni ne kai, da ba da ko ɗaya zan fara ba. Tunda kana jin Turanci, nemi littafin da aka rubuta musamman don mai koyo shi kaɗai. Complete Turkish na Asuman Çelen Pollard da David Pollard gajere ne, yana da sauti, yana bayani dalla-dalla, ga amsoshin atisaye a baya. Elementary Turkish na Kurtuluş Öztopçu ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba, juzu'i biyu ne na matakin jami'a, sai dai yana da tsada da wuyar samu a wajenmu. Ka gama ɗaya daga ciki, sannan ka koma Yeni İstanbul daga farko. Za ka ga A1 ɗin ya zame maka bita, umarnin da a da ya gagare ka yanzu kana karanta shi ba gargada.

Wani zai kawo maka babban nahawun Aslı Göksel da Celia Kerslake na 2005. Littafi ne mai daraja, amma na dubawa ne idan wata ƙa'ida ta shige maka duhu. Ba a bin sa shafi-shafi.

Kowanne ka zaɓa, ka tabbata ka samu sautinsa. Yawancin PDF ɗin da ke yawo a WhatsApp ba su zuwa da shi, alhali Turkanci na da wasula 8, ciki har da ö da ü da ı marar ɗigo, waɗanda babu su a Hausa. Haruffan boko ne tun 1928, sai mutum ya ɗauka ya iya karatu, nan kuwa c ɗinsu j ce a bakinmu, ç ita ce c ɗinmu. Fina-finansu suna horar da kunne, amma na tarihi cike suke da tsofaffin kalmomin fada da ba za ka ji a kasuwar Laleli ta Istanbul ba. Na zamani sun fi.

Game da tallafin kuma, ba a sharɗanta iya Turkanci kafin a nema ba. Wanda ya samu bai iya ba, ana ba shi shekara guda ta koyon harshe kafin ya shiga karatunsa, ana son ya kai C1. Littafin da za a yi amfani da shi a can ya danganta da jami'ar da aka tura ka, don haka kada ka kashe kuɗi kana sayen cikakken jerin kowanne. A1 da A2 sun ishe ka a yanzu.